Ɗinki Ba Awo

Duk wanda ya taɓa karɓo ɗinkin Sallah a daren jajibere ya san irin wannan faɗuwar gaba. Ka kwance leda, ka zura kai cikin kaftani, sai ka tarar da riga burmemiya, kafaɗa ta zubo har tsakiyar damtse, wando kuma ya ɗangale. Shaddar ba ta da laifi, kai ka zaɓo ta da hannunka a Kantin Kwari. Keken ɗinki ma lafiyarsa ƙalau, don ga zare nan ya tafi a miƙe kamar an ja da rula. Amma rigar ba taka ba ce. Abin da ke fara fitowa daga baki shi ne, "Tela ya cuce ni." Ba kasafai ake tuna yaron da aka aika da yadin ba, wanda aka ba 'yar takardar awo ya cusa a aljihu, ya tsaya kallon ƙwallo a hanya, takardar ta faɗi, ya isa shago ya ce, "An ce a ɗinka wa Baba." Tela kuwa, da aiki ya yi masa tsibi, sai ya yanka awon da yake ganin zai shiga jikin kowane baba.

Ɗan yayata yana da ɗan shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo. Kwamfutarsa ta tebur ce, tsohuwa, irin waɗanda ake shigowa da su bayan ofisoshin Turai sun gama morarsu. Tana aikinta ba ta gaza ba, sai dai wa'adin kula da Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma ba ta cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Ni na ba shi shawarar ya koma Linux Mint, ɗaya daga cikin 'ya'yan manhajar Linux da wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Kyauta ce, kuma buɗaɗɗiya, wato kowa yana iya juya ta ya ga ɗinkinta ta ciki, ya warware inda bai yi masa ba ya gyara. Tunda ni na kawo shawara, ni aka bar wa aikin.

An gama girkawa lafiya, kwamfuta ta tashi. Sai ga komai ya kumbura. Rubutu manya-manya, gefensa dishi-dishi, agogon da ya kamata ya zama da'ira ya koma kamar ƙwai a kwance. Ya buɗe hoton fasfo ɗin wani siririn dattijo, sai ga fuska ta baje kamar faifai. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ka kashe mini allo. Ga mutane suna jira."

Abin da na yi a awa biyun da suka biyo baya shi ne abin da nake so in hana wani yi. Na buɗe baƙar tagar nan ta rubuta umarni, na shiga intanet a waya, duk abin da na ga wani ya ce ya yi masa magani sai in kwafa in zuba. Na sabunta wannan, na cire wancan, na kashe na kunna ya fi sau goma. Har na fara tunanin sake girka manhajar daga farko, wanda daidai yake da ka sayi sabuwar shadda ka sake ba yaron nan da ya yar da takarda ya kai wa tela. A duk tsawon lokacin ban ko kalli bayan kwamfutar ba.

Shi allon kwamfuta yana da takardar awonsa. A cikinsa akwai wata 'yar ma'ajiya da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta bayaninsa: sunansa, shekarar ƙira, faɗi da tsayi, yawan ɗigon hasken da ke jere a fuskarsa, da sau nawa yake iya sabunta hoto a daƙiƙa guda. Masu sana'ar suna ce wa takardar EDID, ƙungiyar VESA ce ta tsara ta a 1994. Ba ta da wani girma, asalinta bayit 128 ne kacal, ko cikakken saƙon tes guda ba ta kai ba. Da zarar an kunna kwamfuta, katin hoto zai aika tambaya, allo ya miƙo takardar, manhaja ta karanta ta yanka hoto daidai jikinsa. Ɗan aiken da ke kai-kawo tsakaninsu kuwa ita ce wayar da ta haɗa su.

Wayar shagon ɗan yayata VGA ce, mai shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa, ƙirar da kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987. Allurai 15 gare ta a layi uku. Uku na farko su ke ɗauke da launin ja da kore da shuɗi. Ta 13 da ta 14 su ke daidaita jeren layuka. Ta 12 da ta 15 kuwa ba ruwansu da hoto, aikinsu kawai ɗauko takardar awo. Ka ga ke nan hoto yana iya zuwa lafiya lau alhali awo bai je ba. Yadi ya isa shago, takarda ta faɗi a hanya. Wannan ne ke rikita mutane, domin kowa gani yake in waya ta lalace ai allo ba zai kawo komai ba.

To me Linux ke yi idan ba ta ga takarda ba? Sai ta yi abin da tela mai taka-tsantsan yake yi, ta yanka awon da ba zai cutar da kowa ba: ɗigo 1024 a kwance, 768 a tsaye. Tsoron nata yana da asali. A zamanin allo mai ƙeya, irin mai nauyin nan da yake kama da tsohuwar talabijin, in ka tura masa saurin da ya fi ƙarfinsa kana iya lalata shi. Allon ɗan yayata kuwa 1920 ne a 1080, wato ɗigo sama da miliyan biyu, aka kawo masa hoto mai ɗigo ƙasa da dubu ɗari takwas. Ga shi kuma siffar ba ɗaya ba, hoton huɗu-da-uku ne, allon sha-shida-da-tara. Sai allon ya ja hoton ta gefe da gefe har ya cika fuskarsa, faɗin kowane abu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya ƙara wa dattijon nan kumatu ke nan.

Alamar tana nan a fili tun farko, ni ne ban karanta ba. A wurin saitin allo, inda ya kamata a ga sunan kamfani da incin allon, abin da aka rubuta shi ne Unknown Display, wato allon da ba a san ko wane ne ba. Sai da na gaji na zagaya bayan tebur na kwance wayar na ɗaga ta a haske. Allura guda a layin ƙasa ta lanƙwashe ta kwanta a jikin maƙwabciyarta. Muka aro waya a shagon da ke kusa, muka ɗaura, muka kunna. Sunan allo ya fito, 1920 a 1080 ya zauna da kansa, dattijo ya koma siririnsa. Ko harafi ɗaya ban ƙara rubutawa ba.

Ɗan yayata bai bar ni haka ba. Ya ce, "To Kawu, ai da wannan wayar nake aiki shekara da shekaru, ban taɓa ganin haka ba." Gaskiyarsa. Tsohon telanka ba ya buƙatar takarda, awonka yana cikin littafinsa. Wani ya taɓa saita awon da hannu a tsohuwar manhajar, ta riƙe, ta ci gaba da yanka shi ko an aiko ko ba a aiko ba. Sabon tela kuwa bai taɓa ganinka ba. Lalacewar ta daɗe a wurin, sauyin tela ne ya tona ta. Kuma ba lanƙwasar allura kaɗai ke jawo haka ba. Akwai wayoyi masu arha da tun daga masana'anta ba a ja zaren waɗannan allurai biyu ba, akwai kuma 'yan adaftocin da ke mai da HDMI zuwa VGA waɗanda wasunsu kan haɗiye takardar, ko su miƙa tasu ta jabu.

A nan ina da ƙorafi a kan ita Linux ɗin, duk da ina cikin masu sonta. Telan kirki in yaro ya zo ba takarda, waya yake ɗagawa ya ce, "Alhaji, awo bai iso ba." Ita kuwa shiru take yi ta yanka, ta bar maka kalmomi biyu na Turanci a wani lungu, ta rubuta sauran bayanin a kundin da sai gwani yake buɗewa. Da za ta fito da saƙo a fili cewa allo bai aiko da awonsa ba, a duba waya, da dubban mutane ba su ɓata dare suna zagin manhajar da ba ta yi musu komai ba.

Wani lokaci ɗan aiken ba ya sauyuwa. Wayar majigi ce da aka binne a silin ɗin aji, ko kuwa ma'ajiyar cikin allon ce ta mutu. Sai ka ɗauki tef ka auna da kanka. Duba takardar da ke manne a bayan allon ka ga lambar samfurinsa, ka nemo ainihin awonsa. Umarnin cvt 1920 1080 60 zai fitar maka da dogon layin lambobi, ka ba umarnin xrandr shi da --newmode don ta san sabon awon, sannan da --addmode ka liƙa shi ga ƙofar da allon yake, misali VGA-1. Sai dai wannan awo da alli aka rubuta shi a jikin yadi, da an kashe kwamfuta ya goge, sai in ka ajiye umarnin a fayil ɗin .xprofile. Kada kuma son girma ya sa ka faɗi awon da ba naka ba. Allon da aka tura wa abin da ya fi ƙarfinsa baƙi yake yi ya rubuta Out of Range, ya ƙi sa rigar gaba ɗaya.

Baƙin allo ɗungurungum shi ya fi tayar da hankali. Kwamfuta ta nuna tambarinta, fanka tana juyawa, sai duhu. Kafin ka yi salati ka ce ta mutu, danna Ctrl da Alt da F3 tare. In farin rubutu ya fito yana tambayar sunanka, to mai gida yana ciki da ransa, rigar fita ce babu. Matsalar a nan ba ta ɗan aike ba ce, ta cikin shago ce. Katin hoto shi ne keken ɗinki, kuma kowane keke yana da wanda ya iya taka shi, wato 'yar manhajar da ake kira direba. Katin Intel da na AMD kamar keken Butterfly suke, kowane yaron shago ya iya su, direbobinsu a cikin ƙwayar Linux suke zuwa, ba ka neman komai. Katin Nvidia kuwa keken aikin wuya ne, yana da ƙarfi yana da kyan aiki, amma sai da nasa mutumin. Shekaru da dama kamfanin bai buɗe sirrin kekensa ba, har 'yan sa-kai suka zauna suna lura da yadda yake motsi suka haɗa nasu direban mai suna nouveau, wanda yake ɗinki amma ba kowane aiki yake iya fitarwa ba. A 2012, a Jami'ar Aalto ta Finland, Torvalds ya caccaki kamfanin a bainar jama'a kan wannan hali, sai a 2022 suka buɗe wani sashe na direban nasu.

Maganin gaggawa na baƙin allo kalma ɗaya ce. Lokacin da kwamfuta ke tashi ka riƙe Shift, ko ka danna Esc a sababbin injuna, jerin zaɓin GRUB zai fito. Ka danna harafin e, ka nemi layin da ke da quiet splash, ka ƙara nomodeset a bayansa, ka danna F10. Abin da ka gaya wa Linux shi ne kada ta taɓa keken nan tukuna, ta yi amfani da hoton da injin ya tashi da shi. Aron babbar rigar maƙwabci ne: tana shiga jikin kowa, za ta kai ka kasuwa ka dawo ba wanda ya ga tsiraicinka. Da ita za ka shiga ciki ka buɗe Driver Manager a Mint, ko ka rubuta sudo ubuntu-drivers install in Ubuntu ce irin Linux ɗinka, ka ɗauko direban da ya dace. Abin takaici, na ga mutanen da suka mai da kalmar ta dindindin suka zauna a cikin rigar aro shekara guda, suna kukan bidiyo yana sarƙewa, allo na biyu ya ƙi kawowa, hasken laftof ba ya raguwa. Dole ne, domin keken yana ajiye, da hannu ake ɗinkin. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wani ƙaramin tarko yana biye da wannan. In injinka yana da Secure Boot a kunne, bayan ka sa direban waje wani shuɗin shafi yakan fito a tashin farko yana neman ka amince da wani mabuɗi, ana ce masa MOK. Yawancin mutane tsallakewa suke yi don ba su gane shi ba. To ka ɗauko ma'aikaci ke nan ka bar shi a bakin ƙofa ba ka gaya wa mai gadi ya bar shi ya shiga ba. In kuma injin sabo ne fil, wataƙila ƙwayar Linux ɗin da ka sa ta girme shi, ba ta taɓa jin labarin katinsa ba. Nemi sabon fitowa, karen bana shi ke maganin zomon bana.

Masu jona kwamfuta da talabijin ta HDMI, kuma suna da yawa a gidajenmu da wuraren kallo, nasu daban ne. Hoto ya fito tas, amma gefuna huɗu sun shige ciki, layin ƙasa mai agogo da maɓallin farawa ya ɓace. Ba Linux ba ce. Talabijin ce ke kalmashe bakin hoto, ɗabi'ar da ta gada tun zamanin da gefen hoton tashoshi yake zuwa da datti ana ɓoye shi. Maganin yana jikin rimot, a wurin girman hoto: LG suna ce masa Just Scan, Samsung kuma Screen Fit. Haka shi ma allon VGA da hotonsa ya karkace gefe ɗaya, ko rubutu yake rawa, sau da yawa maɓallin Auto da ke jikin allon ya wadatar. In kuwa wasu layuka ne ke tafiya a hankali kamar igiyar ruwa, lura ko sai an tayar da janareta suke zuwa. VGA tana kwasar hayaniyar wuta, kuma waya mai kauri mai ƙulli a kusa da kawunanta ta fi siririya jurewa.

Sai a yi hattara da shawarwarin intanet, don da yawansu awon shekara goma da suka wuce ne, mai rigar kuwa ya yi tumbi tun tuni. Tsarin da ya daɗe yana zana hoto a Linux sunansa X, an fara shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1984. A 2008 aka fara gina magajinsa, Wayland, kuma Ubuntu ta mai da shi zaɓin farko tun fitowar 21.04 a 2021. Umarnin xrandr na gidan X ne. A Mint yana aiki, amma a kan Wayland sai ka yi ta bugawa ba abin da zai motsa. Rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE, kalma ɗaya za ta fito ta gaya maka a wane gida kake kafin ka fara bin shawarar kowa.

Da na yi abin da ya kamata tun farko, da ban sha kunya a gaban kwastomomi ba. Filas ɗin da ake girka Mint ko Ubuntu da shi yana ba ka damar tayar da manhajar ka yi aiki da ita ba tare da ka taɓa abin da ke cikin injin ba. Gwajin riga ne a shagon tela kafin a biya kuɗi. Nan ne za ka ga ko sunan allonka ya fito, ko allo na biyu ya kawo, ko majigi ya amsa. Ni na tsallake wannan don gaggawa, kuma na yi aikin da hantsin Litinin, lokacin da shago ya fi cika. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsohuwar wayar ɗan yayata ya so ya rataye ta a ƙusa ko za ta yi rana. Na sa ya yanke mata kai, don na san wata rana wani zai zo aro. In kai ma allonka ya kumbura, kwance wayar ka ɗaga ta a haske kafin ka taɓa madannai. In ka ga gurbi ɗaya babu allura a layin tsakiya kada ka damu, ta 9 ce, wayoyi da yawa haka aka ƙera su. Layin da ke gajeren gefen kan wayar za ka duba, nan ta 12 da ta 15 suke.